Bututun Shawa Ya Karye Cikin Bango: Ya Zan Fitar Da Guntun?

Tambaya: Malam, bututun shawa na ƙarfe, mai rabin inci, ya karye daidai bakin bango, guntun ya maƙale cikin elbo, wato lanƙwasasshen mahaɗin bututu da ke cikin bango. Wani ya ce a sa kurfi da guduma a bugo shi. Ina tsoron a fasa min tayil. Akwai wata hanya?

Amsa: Akwai. Ka nemi sifanar cikin bututu mai rabin inci, domin kowane faɗin bututu da tasa. A bakinta akwai ɗan ƙarfe mai haƙora da ya karkace gefe guda. Idan ka juya hagu sai ya buɗe ya ciji bututun ta ciki.

Rufe ruwa tukuna. Kankare tsatsar cikin guntun, ka fesa man sassauta tsatsa a tiredi, wato zanen murɗi da ake ɗaura bututu da shi, ka ba shi kamar minti 20. Tura sifanar har haƙoran su shige guntun gaba ɗaya, amma kada su zarce su kama elbo. Kama ta da wata sifana ta yau da kullum ka juya hagu a hankali, ba fizga ba.

Maganar guduma kuwa, don Allah ka rabu da ita. Kullum sai an kawo irin wannan ɓarna. Elbon da ke cikin bango sau da yawa na tagulla ne, ko roba mai bakin tagulla, ba ya jure bugu. Bugu ɗaya ya isa ya tsaga shi, tsagar da ido ba ya gani. Mai aikin zai ɗaura sabon bututu, ruwa ya zo, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan wasu makonni fenti ya fara kumbura a ɗakin da ke bayan bangon, sai ga shi tayil ɗin da kake tattali dole a fasa shi. Haka masu cusa ƙarfe mai tsini su buga: faɗaɗa guntun suke yi, yana ƙara kamewa. Masu kawo wuta kuma su narkar da bututun roba da ke baya.

Idan tsatsa ta cinye guntun har haƙoran suna zamewa, sa ruwan zarton ƙarfe ka yi yanka biyu daga ciki, ka tsaya kafin ka taɓa tiredin elbo, sannan ka lanƙwaso guntun ciki da filaya. Goge tiredin, naɗa farin tef zagaye huɗu a sabon bututun ta hannun dama, ka fara ɗaurawa da hannu.