Gyara Ɗakinki: Amsoshin Tambayoyinku Na Wannan Wata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, daga Ɗorayi a nan Kano nake rubuto miki. Gidan haya muke, ciki da falo, shekararmu 3 a ciki. Na ɗauki adashina dubu 150 ina so in canza wa falona kama, to amma ƙasan bangon duk ya kumbura fentin yana ɓarewa, har wani farin gari yake zubowa kamar kanwa. Wata ƙawata ta ce kawai in manna takardar bango ta rufe shi, sauran kuɗin in kai kafin alƙalami na sabbin kujeru. Don Allah ya kike gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Don girman Allah kar ki manna takardar nan, ni na taɓa yi a wani gida da muka zauna, kafin watan Agusta ya fita ta saki daga ƙasa, bayanta duk ya yi baƙi ga wari, har yarona ya riƙa tari da daddare. Wannan farin garin gishiri ne, danshi ne yake hawowa cikin bulo ya taho da shi, in ruwan ya bushe sai ya bar shi a fuskar bango ya ture fenti. Duk abin da kika rufe shi da shi ture shi zai yi.

Fara da zagayawa bayan bangon ki ga me ke can. Sau da yawa kwata ce a lungu take kwance a jikin ginin, ko indararo yana zuba daidai gindin bango, ko kuma banɗaki ne a ɗaya gefen fayif ɗinsa yana yoyo ba wanda ya sani. In ɗaya daga cikin waɗannan ne to kin ji daɗi, aikin kwana ɗaya ne. In kuma tun wajen gini ne ba a shimfiɗa leda a fandisho ba, wanda gidajen haya da yawa a garin nan haka suke saboda maginin yana sauri mai gida yana tsumulmula, to sai dai a rage masa ƙarfi. Birkila zai kankare fulastar da ta ruɓe har ya wuce inda danshin ya tsaya da kamar ƙafa ɗaya, a bar wurin ya sha iska, sannan ya sake fulasta da siminti haɗe da maganin hana ruwa, akwai shi wajen masu kayan gini a Ƙofar Ruwa da France Road. Kuma aikin rani ne wannan, daga Nuwamba zuwa Maris, ba a yinsa ana tsaka da damina. Sabuwar fulasta ki ba ta sati 3 zuwa 4 kafin fenti ya hau, ko mai fenti ya ce miki ba komai kar ki yarda, shi kuɗin aikinsa yake hange.

Fentin ma na ruwa za ki saya, emolshan, don yana barin bango ya yi numfashi, fentin mai kuwa kulle danshin yake a ciki sai ki ga ya yi ƙuraje. Bokiti ɗaya mai lita 20 ya ishi ɗaki sha biyu sha biyu shafi biyu har ya yi saura, in dai ba a cika masa ruwa ba, don haka ki tsaya a wurin lokacin da ake haɗawa. Ki zaɓi launi mai haske, ruwan madara ko ruwan toka mai haske, ɗakin zai ƙara faɗi a ido kuma ranar da babu wuta ba za ki zauna cikin duhu da azahar ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne gidan ba naku ba ne. Gyaran bango haƙƙin mai gida ne, maigidanki ya same shi su yi magana a cire kuɗin fulasta daga kuɗin haya, a rubuta a takarda da shaida ko da mutum 1 ne. Na ga matan da suka zuba kuɗinsu suka gyara gida tsaf, shekara na zagayowa aka ƙara musu haya saboda gidan ya yi kyau.

Kujeru kuwa ki juya su ki ƙwanƙwasa katakon. In yana da ƙarfi, babu gara a ciki, kuma ba ya rawa, sake musu riga kawai za a yi, ki shiga Kwari da kanki ki zaɓo yadi mai kauri mai ɗan duhu saboda yara, kafinta ya canza soson mazauni, wallahi baƙo sai ya yi miki barka da sabbin kujeru. Kuma ki janye su daga jikin bango kamar taƙi ɗaya.

TAMBAYA: Anti ina yini. Ɗiyata zan aurar bayan sallah, dangi sun taso ni gaba wai dole gado da sif da madubi irin na ƙasar waje, ni kuma ƙarfina bai kai ba, har ina tunanin cin bashi. Mahaifiya daga Gwammaja.

AMSA: Hajiya Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Bashi dai a'a, ranar jere za a yi guɗa a watse, ke za a bari da mai bin kuɗi. Kafin ki sayi ko da filo ne a je a auno ɗakin amaryar da ƙofarsa, don yanzu ɗakunan haya ƙanana ne, gado shida da shida da sif mai ƙofa 4 in suka shiga yarinya ba za ta samu wurin shimfiɗa sallaya ba, wani sif ɗin ma a tsakar gida yake kwana don ya ƙi shiga.

Irin masu ƙyallin nan yawancinsu garin katako ne da aka matse, kafintoci na ce masa MDF, kyau kam akwai amma ruwan mofa in yana taɓa ƙafarsa kullum kumbura yake, kuma in aka kwance shi aka tashi gida sau biyu kusoshin ba sa ƙara kamawa. Ki samu kafinta wanda kika ga aikinsa a ɗakin wata da idonki, ba hoton waya ba, a je 'Yan Katako na Na'ibawa da wani namiji naki a zaɓi busasshen katako don ɗanye yana lanƙwashewa in hunturu ya buga shi, a shafa maganin gara kafin a haɗa. Kar ki ba shi kuɗi duka, rabi da farko sauran sai kaya sun zo, kuma ranar da za ki faɗa masa ki rage sati 2 daga ta gaskiya. Inda nake so ki saki hannu shi ne katifa, ita za ta kwana a kai shekara da shekaru. Kuma kar a sayi ta hannu saboda kuɗin cizo.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibi ne, ɗaki ɗaya na kama a Kabuga, kafet zan sa ko leda?

AMSA: Leda ɗana. Kafet daga bango zuwa bango a ƙurar Kano sai mai injin shara, watan Janairu kaɗai ya isa ya cika shi, ga atishawa. Ka sa a shafe ramukan siminti tukuna don a nan leda take fara yagewa, ka sayi mai kauri, sai ka ɗora ƙaramar darduma a tsakiya wadda za ka iya fitarwa ka kakkaɓe ranar Asabar. In da ɗan canji ka leƙa Kurmi ka ɗauko tumtum na fata guda 2, ba tare da cikon ba ya fi araha, ka cusa tsofaffin kayanka a ciki, abokai sun samu wurin zama ke nan.