An ce turken golf ɗina ba sabo ba ne: in ɗaukaka ƙara?

Tambaya: Na nemi rajistar ƙirƙira a Amurka kan ɗan turken da ake ɗora ƙwallon golf, mai zobe da ke tsayar da zurfinsa a ƙasa. Sau biyu jami'in tantancewa yana ƙi, wai ba sabo ba ne. Ɗaukaka ƙara za ta fisshe ni?

Amsa: Malam, tunda an ƙi sau biyu, doka ta ba ka damar zuwa gaban hukumar PTAB mai sauraron ɗaukaka ƙara, da ke cikin USPTO, ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka. Amma fara duba sashen dokar da jami'in ya kafa hujja da shi.

In sashe na 102 ne, wanda ya shafi ko abu sabo ne, dole tsohuwar takarda guda ɗaya tak ta ƙunshi kowane ɓangare na da'awarka, wato bayanin abin da kake neman a kare maka. Ɗauki da'awar kalma-kalma: kan turken, sandar, zoben, inda zoben ya zauna. In ko ɗaya babu a tsohuwar takardar, kana da abin faɗa. In duk suna nan, kada ka ɓata kuɗinka. Inda aka fi faɗuwa shi ne a ce "ai wancan ba don golf aka yi shi ba". Sabon amfani ba ya mayar da tsohon abu sabo. A shari'ar Schreiber ta 1997, tsohuwar rajistar bakin gwangwanin mai ce ta sa aka ƙi yi wa murfin zuba gugguru rajista. Kuma fagen cunkushe yake, domin tun 1899 George Grant ya yi wa turken golf rajista.

In sashe na 103 ne, galibi jami'in ya haɗa takardu biyu ko fiye, yana cewa duk masanin sana'ar zai iya harhaɗa su. Nemi dalilin haɗawar da ya bayar, ka rusa shi. Yawan ciniki na iya taimakawa, muddin ka nuna zoben ne ya jawo shi.

Bayan sanarwar ɗaukaka ƙara kana da wata 2 ka miƙa hujjojinka a rubuce. Jami'in zai amsa, kai ma ka mayar cikin wata 2, sannan alƙalai, galibi 3, su yanke hukunci. Abin da ke cikin fayil suke dubawa, don haka in da'awar ce ta yi faɗi, gara ka nemi a ci gaba da tantancewa ka matse ta. In ka faɗi, kana da kwana 63 ka kai ƙara kotun Federal Circuit da ke Washington.