Ku Tambaya Mu Amsa: Kaza da 'ya'yanta da dunƙulallun taurari

Tambaya: Malam, a darasi an faɗa mana akwai taurarin da ke cure wuri ɗaya, dubbai a dunƙule. Shin Kaza da 'ya'yanta da kakata ke nuna mana na cikinsu? Daga wata ɗaliba, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Kaza tarin taurari ce, amma ba irin wanda malaminku yake nufi ba. Taurarinta wajen 1,000 ne, a warwatse, masu haske shuɗi-shuɗi, shekarunsu kamar miliyan 100. A lissafin sama, jarirai ne.

Dunƙulallun kuwa a cure suke kamar curin fura, tsakiya cunkushe, gefe sako-sako. Ɗaya kan ƙunshi taurari dubu ɗaruruwa, wani ma miliyoyi. An san sama da 150 a galaksinmu, wato gagarumin tarin taurarin da ranarmu take ciki. Masana ba sa tsayawa ga siffa kaɗai. Sukan auna launi da hasken kowane tauraro, sai su tarar manyan shuɗɗan sun ƙone tuntuni, saura ja da rawaya. Daga nan ake gane sun kai shekara biliyan 12 zuwa 13. Ƙarfe ma kaɗan ne a jikinsu, domin sun samu tun kafin taurari su ƙera shi da yawa.

Abin da ya fi burge ni aikin Harlow Shapley ne, wani masanin taurari ɗan Amurka, a 1918. Ya auna nisansu da taimakon taurari masu ƙaruwa da raguwar haske a kan ƙa'ida, ya ga sun fi yawa a ɓangare ɗaya na sama. Ya ce to, can cibiyar galaksin take, mu a gefe muke. Haka kuwa abin yake.

Mu a Damagaram mun yi sa'a, mafi girmansu, Omega Sentauri, yana fito mana, alhali yawancin Turai ba sa ganinsa. Taurarinsa kusan miliyan 10 ne, haskensa kan yi tafiyar shekara wajen 17,000 kafin ya iso. A tsakiyar watan Mayu, wajen ƙarfe 10 na dare, in babu wata kuma babu ƙura, ki sa yayanki ya raka ki bayan gari inda fitilu ba su kai ba. Ki fuskanci kudu, ki ɗaga ido kamar sulusin tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakar ka. Za ki ga wani tauraro dishi-dishi mai hazo. In kin samu madubin hangen nesa na hannu, za ki gan shi kewayayye, faɗinsa kusan na wata.