Tambaya da Amsa: Yadda za a raya alherin dattijon masunci bayan rasuwarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu masuntan teku ne, kuma kwanan nan muka yi rashin dattijonmu. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu: ya ba ka ƙugiya, ya koya maka ƙulli, in injinka ya mutu a tsakiyar ruwa shi zai jawo ka. Ya bar raguna, sandunan fatsa da manaɗan zarensu, rigunan ceto da injin kwalekwale. Muna so mu mai da su kayan aro ga matasa da sunansa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Shawararku ta yi kyau ƙwarai, domin irin aikin da ya saba yi ne zai ci gaba.

Ku fara da iyalansa. Kayan mamaci na magada ne, ko da kuwa ya saba ba ku aro yana raye. Ku zauna da su, a rubuta abin da suka bayar kyauta da abin da za ku saya, a sa hannu gaban shaidu. Inji musamman, sau da yawa shi ne mafi daraja a abin da masunci ya bari, don haka kada kunya ta sa iyali su rabu da shi alhali suna da bukata.

Daga nan sai gaggawar ceto kayan, domin gishiri ba ya jira. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri. Ruwan yana bushewa, gishirin ya zauna yana jawo laima, ƙarfe ya yi ta tsatsa ko da kayan suna cikin ɗaki.

A kan inji za ku fi ɓata lokaci. Ku tsoma ƙafarsa cikin duro mai ruwan daɗi har ruwan ya rufe mashigar ruwa, ku tayar da shi ya yi minti 10 zuwa 15. Kada a kuskura a tayar da shi a bushe, robar famfon ruwa tana ƙonewa nan take. Ku lura da ɗan tsirin ruwan da yake fitarwa ta baya: in ya yi rauni, ko robar ta cinye ko gishiri ya toshe hanya. Ku zubar da tsohon fetur na tanki da kafireto, saboda in ya daɗe yana yin danƙo ya toshe ƙananan ramuka. Ku kwance ƙusar man giya ta ƙasa: in man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. Galibi zaren fatsa ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke hana ruwa shiga, sai a cire farfelar a duba, a shafa giris a mayar. Akwai kuma ɗan guntun tutiya da aka ɗaure a ƙafar inji domin gishiri ya ci shi maimakon jikin injin. In ya cinye rabi a canza shi, kuma ba a yi masa fenti. In injin mai gauraya mai ne, ku bi ma'aunin kamfaninsa. Da yawa suna amfani da 50 da 1, wato mililita 100 na baƙin mai a lita 5 ta fetur.

Manaɗin zare kuwa, a ɗaure birkinsa, wato abin da ke riƙe zare kada ya warware da sauƙi, kafin wanki, a yayyafa ruwan daɗi a hankali, domin ruwa mai ƙarfi yana tura gishiri ciki. Ya bushe a inuwa, a ɗiga mai a mahaɗai, sannan a sassauta birkin kafin a ajiye. Tsohon zaren roba a cire shi gaba ɗaya, rana tana cinye ƙarfinsa ba tare da ido ya gani ba. Zobban jikin sanda a goga musu auduga. Inda ta maƙale akwai tsagewa, kuma nan zare zai tsinke. Ƙugiya mai tsatsa a ware ta.

Rigunan ceto ba a yi musu sassauci don tunawa da mai su. Wadda soson cikinta ya taurare ko ya motse, ko ɗinkin maɗaurinta ya sake, a fitar da ita. Rigar da ke hura kanta da iska kuwa, a duba kwalbar iskarta, a hura ta da baki a bar ta kwana. In ta sace, ba ta shiga ruwa.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri rashin mai kula ne. Ku naɗa mutum biyu, da littafi guda: sunan mai aro, ranar ɗauka, ranar dawowa, da yanayin kaya. Doka ɗaya ta isa, ba a karɓar kaya sai an wanke. A riƙa tara ɗan abin gyara duk wata.

Tambaya: Iliminsa fa, yaya za mu adana shi?

Amsa: Ku tara waɗanda suka fi fita ruwa tare da shi tun abin bai dushe ba. A rubuta wuraren da yake jefa raga, zurfinsu, watan da kifi ke zuwa, da inda akwai duwatsu masu yaga raga. Kowane bayani a haɗa shi da yanayin cikar teku, domin a yawancin gaɓoɓi tana cika sau biyu a rana, tana jinkirta da kusan minti 50 kullum, kuma ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da cikarsa. Ƙulle-ƙullensa a ɗauki bidiyonsu da waya daga hannun wanda ya koya a wurinsa, a nuna wa yara su riƙa jiƙa zaren kafin su ja ƙulli, don kada zafin gogayya ya raunana shi.