Yadda Likita Ke Zama Jagoran Gwajin Maganin Ciwon Daji

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina shekarar ƙarshe ta horon ƙwarewa a fannin ciwon daji. Burina in jagoranci gwajin sababbin magunguna wata rana, maimakon in ƙare a rubuta abin da wasu suka gwada. Shin sai na bar asibiti na yi digirin digirgir a ɗakin bincike?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bar asibiti. Digirin digirgir yana da amfani, amma ba sharaɗi ba ne, kuma tambayar da ta cancanci gwaji a bakin gadon majiyyaci ake samun ta.

Ka dubi Bernard Fisher, likitan fiɗa a jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Shekaru da dama likitoci suna cire mama gaba ɗaya idan mace ta kamu da sankara, suna ganin yawan yanka shi ne yawan waraka. Fisher bai tsaya musu da baki ba. Ya shiga gaba aka raba mata sama da 1,800 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka cire maman, wasu aka cire ƙullutun kaɗai, wasu aka cire ƙullutun aka bi da gashi, wato ƙona ciwon da hasken radiyeshon. Sakamakon da ya fito a 1985 ya nuna cire ƙullutun a bi da gashi bai rage wa mace tsawon rai ba. Mata nawa ne suka tsira da jikinsu saboda wannan? Abin da nake so ka koya ke nan: ka ɗauki abin da kowa ya yi imani da shi, har da kai, ka sa shi a sikeli.

Wannan kuwa ba a koyar da shi sosai a makarantar likitanci. An horar da kai ka zaɓa wa majiyyacinka abin da kake ganin ya fi. A gwaji kwamfuta ce ke jefa ƙuri'ar rukunin da zai shiga, kai kuma dole ka dube shi ka ce masa da gaske ba a san wanda ya fi ba tukuna. Na ga likitoci masu hazaƙa da wannan maganar ta gagare su faɗa. Wanda ba zai iya ba, bai isa jagoranci ba, komai yawan takardunsa.

Sauran darussan a bayyane suke. Za ka san matakan gwaji: na farko mutane kaɗan ne, galibi ba su kai ɗari ba, ana neman adadin maganin da jiki zai ɗauka, na biyu ana duba ko yana taɓa ciwon, na uku ɗaruruwa ko dubbai, ana gwada shi da maganin da ake da shi. Za ka karanci Sanarwar Helsinki ta 1964 kan ɗa'ar bincike a jikin ɗan Adam, da ƙa'idojin GCP na 1996 na gudanar da gwajin magani yadda ya kamata, domin jagoran gwaji shi ke amsa tambaya gaban kwamitin ɗa'a idan wani ya cutu. Sannan ƙididdiga. Ka nemi masaninta tun ranar da tunanin ya zo maka, kada ka jira sai an gama tara bayanai, lokacin bakin alƙalami ya bushe.

Akwai horo na musamman. Tun 1996 ƙungiyoyin masana ciwon daji na Amurka, ASCO da AACR, suke shirya bita ta kusan mako guda, inda matashin likita ke zuwa da tambayarsa, ya tafi da rubutaccen tsarin gwaji da takardar neman amincewar majiyyaci, bayan manya sun yi masa gyara layi-layi. Turai ma tana da irinta. Ka nema.

Amma abin da ya fi kashe masu irin burinka shi ne rashin lokaci. Layin marasa lafiya ba ya ƙarewa, binciken da aka bar wa dare da ƙarshen mako kuwa shi ke fara mutuwa. Duk inda za ka karɓi aiki, ka nemi a rubuta maka ranakun bincike a takardar ɗaukar aiki. Ka kuma liƙe wa babban da yake gudanar da gwaji yanzu haka, ka zama mataimakinsa: kai ke tantance masu shiga, kai ke cike rahoton illar magani, kai ke zama da mai binciken takardu idan ya zo. Bayan shekara biyu ko uku a haka, ka kawo masa taka tambayar, guda ɗaya tak, wadda majiyyatan da kuke gani za su isa a amsa ta.