Sunan ƙauyenmu babu a gazetiyar Turawa, wai shi ke nan mun zama baƙi?

Tambaya: Salam Malam. Ni daga Jigawa nake kuma wallahi hankalinmu a tashe yake. Muna da rigimar fadama da maƙwabtanmu, sai ga wani ɗan bokonsu da fotokwafin wani littafin Turawa wai shi gazetiya, sunan garinsu na ciki namu babu, yana cewa ai tun zamanin Turawa gwamnati ta yi gazet, mu zuwa muka yi. Dattawa sun kasa barci, samari kuma sun fara maganganun da ba su da daɗin ji. Da gaske wannan littafin zai iya raba mu da fadamarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka ce wa dattawa su yi barcinsu, samari kuma su mai da wuƙa cikin kube, don abin da aka nuna muku ba abin da aka ce muku ba ne.

Gazet daban, gazetiya daban, kuma wallahi na gaji da maimaita wannan maganar, kusan kullum sai wani ya turo min hoton shafi ɗaya a WhatsApp yana cewa Malam ga hujja. Gazet takardar gwamnati ce da ake buga doka da sanarwa a ciki, naɗi, sauya iyaka, ƙirƙiro gunduma da sauransu, tana da lamba da kwanan wata. Gazetiya kuwa littafin dubawa ce kawai, kamar ƙamus amma na garuruwa da koguna da tarihin sarauta, sunayen ne suka yi kama shi ya sa masu neman kai ku ƙasa suke cakuɗa su da gangan ko da jahilci. Irin wannan rubutu ma ba Turawa suka fara shi ba, wani malami mai suna Yaƙutul Hamawi ya yi Mu'ujamul Buldan, ƙamus na garuruwa da Larabci, tun wajen 1220 da wani abu, kuma ban taɓa jin wanda ya ɗauke shi ya tafi kotu neman gona ba.

Wanda aka kawo muku, in dai na yankinku ne, zai zama na Lardin Kano wanda wani jami'in Turawa mai suna Gowers ya haɗa aka buga a 1921, don lokacin babu wata Jigawa, sai 1991 aka cire ta daga Kano. Akwai 'yan uwansa na Sakkwato da Zariya na wani jami'in mai suna Arnett a 1920, aka sake buga su gaba ɗaya a Landan a 1972 da gabatarwar masanin tarihi Kirk-Greene. To ka duba kaurinsa mana. Ɗan siririn littafi ne da aka ce ya ɗauki Kano da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da sauransu, ta ina zai lissafa kowane ƙauye da kowace ruga? Manyan garuruwa da mazaunin hakimai ya fi damuwa da su. Kuma ka tuna yadda aka samo labarin: Di'o ne a kan doki ya sauka a bariki, ga tafinta a gefe, ga hakimi ko wakilinsa yana faɗa, shi kuma Di'o abin da ya kawo shi haraji da jangali ne, nawa ne maza baligai, shanu nawa. Wanda yake kusa da hakimi sunansa ya shiga, wanda suke 'yar tsama da shi a kira garinsa unguwa a wuce. Ba ina cewa littafin banza ba ne, a'a, ni kaina kullum yana kan teburina, amma shaida ce ta abin da aka gaya wa Bature a waccan shekarar, ba hukunci ba.

Ga kuma matsalar rubutu, wadda sau da yawa ita ce ke sa a ce suna babu alhali yana nan. Kunnen Bature bai rarrabe k da ƙ, shi ya sa Ƙanƙara ta zama Kankara, haka kuma a rubutunsu Sakkwato ta zama Sokoto, Gwandu a tsofaffin takardu Gando za ka gani. Tsallaka Nijar ka ga na Faransawa, Tawa ta koma Tahoua, Tasawa Tessaoua, Dogon Dutsi Dogondoutchi. Sannan suna yana tashi daga wuri ya koma wani, Abujan da ke cikin takardun 1920 ba Abujan Aso Rock ba ce, Suleja ce ta yanzu, da aka ɗauki sunan aka ba babban birni sai ita ta koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Balle kuma Tudun Wada da Sabon Gari da Nasarawa da ko'ina ka juya akwai su. Ka tabbata ma garin da ke cikin fotokwafin nasu ne, ba wani mai suna irin nasu ba a wata gunduma can?

Na taɓa ganin wani ya zo da shafi ɗaya tal an yi masa laminetin, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin suna, babu bango babu shekara babu lambar shafi, da na sa aka ɗauko cikakken littafin sai ga shi layin da ke biye ya ce mutanen garin nasa ne ma suka taso daga wani wuri. Ya naɗe abinsa ya fita ko sallama babu. Waɗannan masana tarihin Facebook ɗin ba sa karanta sakin layi har ƙarshe, su dai a samu abin da za a yi wa sikirinshot, in an zubar da jini kuma ba ka ganinsu a wajen jana'iza, Allah ya shirya.

Abin da za ku yi, ku ce ya kawo littafin duka ba shafi ba. Ku tura mutum biyu masu haƙuri gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna ko cibiyar tarihi ta Arewa House, su nemi rahoton ƙididdigar haraji na gundumarku da kundin bayanan gunduma, a nan ne ake samun jerin dagatai da ƙananan ƙauyuka, kuma su nemi sunan da duk irin rubutun da zai yiwu an yi masa, da k da q, da w da u, har da sunan wanda ya kafa garin. Su tafi da guzurin kwana biyu ko uku don fayil ba ya fitowa a yini ɗaya. Ku haɗa da tsofaffin rasitan haraji in akwai a adakar wani tsoho, da shaidar waɗanda suka gaji noman fadamar, ku kai wa hakimi da lauya wanda ya san shari'ar ƙasa. Shi kuma ɗan bokon in ya dage gazet ne, ku tambaye shi lambarta da ranar da aka buga ta.