Kiɗan Beethoven a laptop: me ya sa yake fita ba rai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan situdiyo a Aboabo, Kumasi. Sati uku ke nan ina shigar da kashin farko na simfoni na 5 na Beethoven da MIDI (tsarin rubuta wa kwamfuta sautukan kiɗa) a manhajar haɗa kiɗa ta Reaper, laptop ɗina RAM 8GB. Abin na fita kamar kiɗan kiran waya, kilarinet ba ya jituwa da sauran, sauti kuma yana kakkatsewa. Ko sai na sake kwamfuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye kuɗinka tukuna, kwamfutar za ta ɗauka.

Na kilarinet mai sauƙi ne. A takardar kiɗan an rubuta shi sama da yadda yake fita a kunne. Je wurin Transpose ka sa masa -2. Haka ƙahonni biyu na E-flat da ke cikin kiɗan, ka sa musu -9, babban gogen bas kuma -12 idan manhajar sautinka ba ta sauke shi da kanta ba. Ka ba kowane kaya layinsa: na busa 12, ganga 1, na tsirkiya 5, jimla 18. Igiyar MIDI ɗaya tasha 16 take ɗauka tun fitowarta a 1983, ta 10 kuma ta ganguna ce a tsarin General MIDI, saboda haka kada ka cusa layukan 18 wuri ɗaya.

Rashin rai shi ne babban aikin, kuma nan yawancin mutane ke gajiya. Dubi hannun mai goge: bai taɓa jan baka da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, yana dannawa yana sassautawa. Kwamfuta ba ta san wannan ba sai ka zana mata. Gajerun sautuka ƙarfin bugu ke tafiyar da su, daga 1 zuwa 127. Idan duk ka bar su a 100, kiɗan waya za ka ji. Dogayen kuwa sai da CC1 da CC11, wato layukan MIDI masu sarrafa ƙarfin sauti yayin da yake fita, ka zana su suna hawa da sauka kamar numfashin mai algaita. Gwada da sautuka huɗun farko. Akwai ɗan shiru kafin su shigo, don haka kada ka nauyaya na farkon. Ukun su ruga su faɗa kan na huɗu, shi kuma ka ja shi ta hanyar rage gudu a layin Tempo. Haka a gaɓa ta 268, inda obo (wani abin busa) ke busa shi kaɗai a hankali: kashe Quantize mai daidaita bugu da ma'aunin lokaci, ka buga da hannunka. In hanya ta kai ka Accra, nemi ranar wasan ƙungiyar simfoni ta ƙasa, wadda aka kafa a 1959, ka zuba wa hannun masu goge ido. Abin da za ka gani a zama ɗaya ya fi bayanina.

Kakkatsewar sauti daga buffer ne, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. Sa 128 lokacin bugawa, 1024 lokacin haɗawa. Duk layin da ka gama, danna masa Freeze, ya zama naɗaɗɗen sauti don na'urar ta huta. Reverb (amsa-kuwwa) ɗaya ya isa, kowane layi ya aika masa. Reverb guda 18 ne ke shaƙe na'urar. BBC Symphony Orchestra Discover na kamfanin Spitfire, tarin sautukan kayan simfoni, kyauta ne kuma ba shi da nauyi. Saboda dumsor, wato ɗauke wuta, sa Reaper ya riƙa adana aikin da kansa duk minti 5.